Mutum Ɗaya Cikin Takwas: Karatun Alƙaluman Ƙiba

A ƙarshen Fabrairun 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da wani ƙiyasi da ya zaga duniya: masu fama da ƙibar da ta wuce kima sun haura biliyan ɗaya. Manya miliyan 879 ne, yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 kuma miliyan 159, bisa lissafin 2022. Wato duk inda mutum takwas suka taru a doron ƙasa, ɗaya daga cikinsu yana ciki. Ba zato aka yi ba. Masanan, ƙarƙashin Farfesa Majid Ezzati na Kwalejin Imperial da ke Landan, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun tattara awon tsawo da nauyin mutum fiye da miliyan 220 daga ƙasashe sama da 190. Mutanen da aka ɗora kan sikeli ne, ba waɗanda aka tambaya da baki ba.

Kafin a tsorata da adadin, ya kamata a san mudun da aka auna da shi. Sunansa BMI, kuma lissafinsa ba wuya: a ninka tsawon mutum da mita sau kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Wanda ya fito ƙasa da 18.5 ramamme ne. Daga 25 nauyi ya fara yawa. Daga 30 an shiga ƙibar da ake ƙirgawa a wancan biliyan. Ɗauki magidanci mai tsawon mita 1.70. Da ya haura kilo 72 ya tsallake iyakar farko, da ya kai kilo 87 ya tsallake ta biyu. Ga mace mai tsawon mita 1.60, iyakokin su ne kilo 64 da kilo 77. Da yawa cikin waɗanda muke yi wa kallon "ya murje" ko "hutu ya karɓe ta" sun daɗe da wuce ta farkon. Idan aka haɗa duk manyan da suka kai 25, Hukumar ta ce biliyan 2.5 ne, kashi 43 cikin ɗari na baligan duniya, alhali a 1990 kashi 25 ne.

Mudun yana da nasa rauni. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a a dunƙule, ba don duba marar lafiya ba. Mudun bai san bambancin tsoka da kitse ba, don haka yana iya jefa ɗan kokawa cikin masu ƙiba. Bai kuma san inda kitsen ya taru ba, alhali na tumbi, wanda ke kewaye hanta da hanji, shi ne mai ɓarna. Shi ya sa hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Birtaniya ta ba da shawara mai sauƙi a 2022: kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Zare ma ya isa a gwada. A auna tsawo da shi, a ninke biyu, a zagaya ciki. A Janairun 2025 ma wani kwamitin ƙwararru na duniya ya nemi likitoci su daina yanke hukunci da BMI shi kaɗai. Amma wajen auna yadda al'umma gaba ɗaya ta canja cikin shekara talatin, mudun yana nan da amfaninsa, domin da shi aka auna jiya, da shi aka auna yau.

Ga abin da ya nuna. A 1990 manya miliyan 195 ne ke da ƙiba, a 2022 kuma miliyan 879, wato ninki huɗu da rabi. Sai dai duniyar ma ta ƙara cika a tsakani, don haka kason cikin ɗari ya fi faɗar gaskiya. A mata ya tashi daga 8.8 zuwa 18.5, ya ninka biyu da ɗoriya. A maza daga 4.8 zuwa 14, ya kusa ninka uku. Na yara ne ya fi tayar mini da hankali: 'yan mata daga 1.7 zuwa 6.9, samari daga 2.1 zuwa 9.3. Yaron da ya shiga balaga da ƙiba yakan ɗauke ta har girma, kuma jikinsa zai yi shekaru masu yawa yana ɗauke da nauyin fiye da wanda ta same shi a shekara hamsin. A Satumbar 2025 UNICEF ta sanar cewa a karon farko yara 'yan makaranta masu ƙiba, kashi 9.4, sun fi ramammu, kashi 9.2. Yankuna biyu kaɗai ne hakan bai faru ba tukuna: Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara.

Kuma ba Amurka ce kan gaba ba, kamar yadda aka saba zato. Tsibiran Tekun Fasifik ne, irin su Tonga da Nauru da Samoa ta Amurka, inda fiye da kashi 60 na manya ke da ƙiba, bayan da abincin gwangwani da farin gari da nama mai kitse na shigowa suka ture kifi da saiwoyin da kakanninsu suka rayu a kai.

Shekara talatin ba ta isa ta sauya halittar ɗan'adam ba. Kuma ba zan yarda cewa mutanen duniya, daga Masar har Meziko, sun wayi gari tare sun zama malalata marasa kamun kai ba. Wani abu ne ya sauya a kewaye da su. Binciken da ya fi bayyana mini wannan a maƙwabta aka yi shi. Sunansa RODAM, Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amsterdam ya jagorance shi, aka buga sakamakonsa a 2016. An auna 'yan Ghana fiye da 5,000, wasu a ƙauyukan yankin Ashanti, wasu a birane irin su Kumasi, wasu kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amsterdam da Berlin da Landan. A cikin matan ƙauye, kashi 8 ne ke da ƙiba. A biranen Ghana, kashi 34. A Landan, kashi 54. Mazan kuwa daga kashi 1 a ƙauye suka kai kashi 21 a Landan. Tsatso ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne mazauni. A lura kuma cewa tsalle mafi girma ga matan bai buƙaci jirgin sama ba. Tsakanin ƙauye da Kumasi ya auku.

To me ya sauya, abin da ke shiga ciki ko motsin da jiki ke yi? A nan ne gizo ke saƙar, kuma alƙaluman sun saɓa wa abin da yawancinmu muka ɗauka. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna ƙarfin da mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya ke ƙonawa a yini. Mafarauta ne masu tafiyar kilomita da dama kullum neman zuma da saiwoyi da nama. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka tarar abin da suke ƙonawa ya yi kusa da na mazauna biranen Turai da Amurka. Da alama jiki yana rage kashewa a wani ɓangaren idan an ƙara masa aiki a wani.

Ta ɓangaren abinci kuwa, akwai gwajin da Kevin Hall ya yi a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, aka buga a 2019. Mutum 20 suka zauna wata guda a asibitin bincike. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan asali. An daidaita sukari da kitse da gishirin da ke cikin abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta kowa ya riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da ya yi niyya ba, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan kilo ɗaya. Mutum 20 kaɗan ne, mako biyu ma gajere ne, ba za a gina hukuncin duniya a kansu ba. Darajar gwajin ita ce mutanen ba su canja ba, kwanon gabansu ne aka canja.

Kada wani ya karanta wannan ya ajiye takalminsa. Motsa jiki ba gwanin rage kilo ba ne, amma gwanin tsawaita lafiya ne, kuma a nan ma duniya baya take ci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce minti 150 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi. A 2022 kashi 31 na manya, mutum biliyan 1.8, ba su cika ta ba. Mata kashi 34, maza kashi 29. Idan aka ci gaba a haka, za a kai kashi 35 a 2030.

Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirga mana ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka sayar a Japan a 1965. Da Amanda Paluch ta haɗa bincike 15 na mutum kusan 47,000 a 2022, ta ga haɗarin mutuwa yana raguwa yayin da taku ke ƙaruwa, har ya daidaita a tsakanin 6,000 da 8,000 ga waɗanda suka kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga na ƙasa da haka. Riba mafi tsoka tana wajen wanda ya tashi daga zama ya fara tafiya. Sai dai irin wannan bincike kallo ne kawai aka yi, kuma wanda ciwo ya riga ya kama dama ba ya iya yawan tafiya, don haka wani ɓangare na bambancin daga can yake.

Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka, da aka buga a 2002. An raba mutum 3,234 da sukarin jininsu ya fara hawa gida uku ta hanyar ƙuri'a. Cikin kowane ɗari na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, kusan 11 ke kamuwa da ciwon a shekara. Masu shan maganin metformin, kusan 8. Waɗanda aka taimaka wa su gyara ci, su yi tafiyar minti 150 a mako, da burin sauke kashi 7 na nauyinsu, kusan 5. Daga nan aka samo maganar "ragin kashi 58" da ake yawan ambata. Kashi 7 ɗin nan, ga mai kilo 90, kilo shida ne da 'yan kai. Ba a ce sai ya koma jikinsa na samartaka ba. Kuma a tuna cewa ba wa'azi aka yi musu aka sallame su ba. Kowa yana da mai bibiyarsa, da darussa 16 a watannin farko.

A gida fa? Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya samu kashi 28 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. A wannan binciken dai, kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Mai karatu a Katsina ko Maraɗi yana da haƙƙin cewa yunwa ce damuwarsa, ba ƙiba ba, kuma gaskiyarsa. Amma matsalolin biyu ba layi suke bi ba, ɗaya ta jira ɗaya ta wuce. Sukan kwana gida ɗaya: uwa mai teɓa da hawan jini, goyonta kuma tsumburarre, domin abin da kuɗin cefane ke iya saye shi ne mai cika ciki, shinkafa da taliya da mai da sukari, ba ƙwai da kifi da ganye ba. Akwai kuma shaida mai yawa cewa wanda ya sha tamowa a ciki ko a yarinta ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da na zuciya idan ya girma ya samu yalwar irin wannan abinci. Yaran da ke cikin kashi 57 ɗin nan, da yawansu a Kano da Kaduna da Abuja za su yi girmansu. A Ghana, binciken 2022 ya riga ya samu rabin mata 'yan shekara 20 zuwa 49 sun wuce iyakar 25. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da ke ƙara mini zafi shi ne a daidai wannan lokaci 'yan matanmu na sayen sha-ka-fashe don su yi jiki kafin aure, magungunan da wasunsu ke kumbura fuska, su ɗaga sukarin jini da hawan jini, su raunana ƙashi.

Sai lemon kwalba, wanda ya zama abin tarbar baƙo da na buɗe-baki da na rakiyar kowace shinkafar biki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 na ƙarfin abincin yini, wajen giram 50 ke nan ga baligi, ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemon kola mai rabin lita, irin mai cikakken sukari, tana ɗauke da kusan giram 53, kafin a zo ga shayin safe da kunun yamma. Meziko ta sa harajin peso ɗaya kan kowace lita a 2014, sayen irin waɗannan lemuka ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko, ya fi raguwa kuma a gidajen talakawa. Hukumar ta ce harajin yana fara cizo ne idan ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20. Najeriya ta sa nata cikin Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022: naira 10 kan kowace lita. A kan robar rabin litar nan, naira 5 ke nan.