Idan Mai Taɓin Hankali Ya Yi Kisa, Wa Za A Kama?

A watan Disambar 2023 aka tsinci gawar wani matashi a wani gida da ke Unguwa Uku, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, jikinsa duk sukan wuƙa. 'Yan sanda suka kama matar gidan. Da aka gurfanar da ita gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka karanta mata tuhuma, sai ta yi gum, ko uffan ba ta ce ba. Kotu ta ba da umarnin a kai ta likitoci su duba lafiyar ƙwaƙwalwarta kafin a ci gaba. Ko ta aikata ko ba ta aikata ba, wannan hurumin kotu ne, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda gari ya karɓi wannan umarni.

A majalisarmu ta bakin Court Road a Gyadi-Gyadi, inda muke zama bayan la'asar, kafin a sauke butar shayi an gama yanke hukunci. Wani ya ce tabarmar kunya ce ake son naɗewa da hauka. Wani ya ce lauyoyi ne suka kitsa mata. Dattijon cikinmu ya karkaɗe hula ya ce, "Shi ke nan, jinin yaron nan ya tafi a banza, gobe za ku gan ta a gida." Duk cikinmu babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da umarnin yake nufi, alhali kotunan majistare suna nan kusa da mu, kullum muna ganin motar gidan yari tana sauke mutane da ankwa.

Tambayoyi biyu ne mutane ke cakuɗawa. Ta farko, wanda ake tuhuma yana cikin hayyacin da zai gane abin da ake yi a kotu yau, ya fahimci tuhuma, ya yi wa lauyansa bayani? Idan ba ya ciki, sai a dakatar da shari'a a nema masa magani, in ya samu sauƙi a ɗora daga inda aka tsaya. Wannan dakatarwa ce kawai, ba ta wanke kowa ba. Ta biyu ita ce mai nauyin: a daidai lokacin da aka yi kisan, yaya hankalinsa yake? Mutum zai iya kasancewa garau ranar da ya yi kisa, zaman gidan yari ya birkita shi daga baya. Wani kuma ya yi kisan cikin tsananin ciwo, ya zo kotu bayan shekara biyu yana amsa tambaya tiryan-tiryan saboda yana shan magani.

Dokar da ke amsa tambaya ta biyu a Arewa ita ce sashe na 51 na kundin Penal Code, wanda aka zartar a 1959 zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1960. Taƙaitaccen abin da sashen ya ƙunsa shi ne, babu laifi a kan wanda, saboda rashin lafiyar hankali, bai san haƙiƙanin abin da yake aikatawa ba, ko bai san cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Mun aro kundin daga na Sudan, su kuma daga na Indiya na 1860, asalin ƙa'idar kuwa daga Ingila take. A 1843 wani mai sassaƙar katako ɗan Glasgow, Daniel M'Naghten, wanda ya haƙƙaƙe cewa 'yan jam'iyya mai mulki suna farautar ransa, ya bindige Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, a Landan. Kotu ta ce ba ya cikin hankalinsa. Jama'a suka fusata, har Sarauniya Biktoriya ta nuna ɓacin rai, sai Majalisar Dattawan ƙasar ta sa manyan alƙalai suka tsara ƙa'idojin da ake bi har yau. Ashe hayaniyar majalisarmu tsohuwa ce. Shi kuwa M'Naghten bai sake taka gidansa ba, a tsare ya mutu a asibitin Broadmoor a 1865.

Mu kam ba sai mun je Landan ba. Duk ɗan makarantar Islamiyya ya san hadisin da ya nuna mutum uku ba a rubuta musu laifi: mai barci sai ya farka, yaro sai ya balaga, mahaukaci sai ya warke. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin Marwan ɗan Hakam da ya rubuta wa Mu'awiya yana neman hukuncin wani mahaukaci da ya kashe mutum, amsa ta zo cewa a tsare shi, amma kada a yi masa ƙisasi. Malaman Malikiyya sun bi abin daki-daki. Wanda ciwon ke zuwa masa yana tafiya, idan ya yi kisa a lokacin da yake cikin hankalinsa, hukunci ya hau kansa. Idan a cikin ciwon ya yi, ana ɗaukarsa kamar kisan kuskure, diyya ta hau kan danginsa. Ina mamakin mutumin da zai kafa hujja da addini yana cewa a kashe, bai san addinin ne ya riga kowa hana kashe wanda ba shi da hankali ba.

Sai dai faɗar hauka a baki ba ta fitar da kowa. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma nauyin tabbatarwar yana wuyan wanda ake tuhuma. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa maganar mutum shi kaɗai, wai "ban san lokacin da na yi ba", ba ta wadatarwa. Haka nan munin kisan, ko rashin wani dalili da ake gani, ba su isa hujja ba. Alƙali zai so ya ji yadda mutumin yake kafin ranar da bayanta. An taɓa kai shi asibiti? Akwai mai irin ciwon a danginsu? Me maƙwabta suka sani? Me gandirobobi suka lura da shi a gidan yari? Bayan ya yi kisan, ya wanke wuƙar ya ɓoye ta, ya shirya ƙarya, ko zama ya yi kusa da gawar yana surutai? Wanda ya ɓoye makami ya gudu, da wuya ya gamsar da kotu cewa bai san ya yi laifi ba. Likita ma shaida ne kawai, alƙali ne mai yanke magana.

To a nan ne talaka yake faɗuwa, kuma na ga yadda abin yake a layinmu. Akwai wani yaro, ɗan maƙwabtanmu, mai ƙoƙari a makaranta, mai ladabi. Yana haura shekara 20 sai ya fara rufe kansa a ɗaki. Ya ce rediyo da shi take magana. Ya daina cin tuwon mahaifiyarsa, wai tana barbaɗa masa wani abu, sai ya sayi burodi ya ɓuya a soro ya ci. Gida suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne don an ga zai zama wani abu. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, daga ƙarshe aka kai shi gidan mari a wani ƙauye. Ya dawo da tabon sasari a idon sawunsa biyu, baƙi ƙirin, har yau yana nan. Duk wannan a ɓoye ake yi, domin akwai 'yan mata biyu a gidan da ake neman aurensu, kuma kowa ya san abin da dangin miji za su ce in suka ji akwai hauka a gida. Rannan da hantsi ya ɗauki taɓarya ya maka wa ƙaninsa a ka, ya ce ba ƙaninsa ba ne, an musanya shi. Allah ya yi da sauran kwana. Sai a ranar aka ɗauke shi zuwa asibitin Dawanau. Da likita ya tambayi mahaifiyar, "Hajiya, tun yaushe ya fara?", sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Yanzu allura ake yi masa duk wata, yana gyaran waya, in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa ciwo ba.

Da ƙanin nan ya mutu, me lauya zai ajiye gaban alƙali? Babu katin asibiti, babu takardar magani, babu likitan da ya taɓa ganinsa. Mai gidan mari ba zai zo kotu ba, don shi ma tsoron kamu yake yi. Maƙwabta kuwa da sun ji an ce shaida kowa zai ce ba ruwansa. Ɗan mai hali da aka riƙa kaiwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, nan bakin titin Zariya, fayil ɗinsa zai yi magana a madadinsa. Ciwo ɗaya, laifi ɗaya, ɗaya ya tafi asibiti, ɗaya ya fuskanci igiya, bambancinsu takarda. Abin takaicin, daga layinmu zuwa wannan asibiti ko kuɗin adaidaita sahu ba sai an kashe ba.

Ga wani giɓin kuma. Sashe na 221 bai bar wa alƙali zaɓi ba, in an tabbatar da kisan ganganci hukuncinsa kisa ne. Tun 1957 Ingila ta buɗe wata ƙofa ta tsakiya ga wanda ciwo ya raunana hankalinsa ƙwarai amma bai gushe gaba ɗaya ba, a sassauta masa zuwa ɗauri. Mu ba mu da wannan ƙofa. Alhali yawancin masu ciwon a tsakiyar suke.  Wataƙila mutum ya san abin haramun ne, amma ba shi da ikon kansa. A ganina lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Kano za ta dubi wannan wuri.

Batun 'yan ƙwaya dabam ne. Wanda ya ɗirki tiramol ko roci ko sholisho da hannunsa, ya fita da wuƙa, doka ba ta karɓar uzurinsa. Sashe na 52 ya keɓe wanda aka ɗura wa abin maye da ƙarfi ko ba da saninsa ba ne kawai. Inda abin ke rikitarwa shi ne wanda shaye-shayen shekaru ya riga ya lalata masa ƙwaƙwalwa, ciwon ya zauna ko bai sha komai ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi a Kano sun haura miliyan 1, don haka alƙalanmu za su daɗe suna cin karo da irin wannan.

Masu haukan ƙarya fa? Akwai su, ba a musu. Amma yaudarar likitan ƙwaƙwalwa ba wasa ba ce, domin ba a zama ɗaya ake gamawa ba. Ana kwantar da mutum a lura da shi dare da rana, yadda yake barci, yadda yake ci, yadda yake in ya zaci ba mai kallonsa. Mai ƙarya yakan zuba haukan fim, ya yi ta zare ido da yaga riga, mai ciwon gaske kuwa sau da yawa ɓoyewa yake yi, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Shi kuma dattijonmu mai cewa gobe za a gan ta a gida, bai san ƙarshen wanda kotu ta yarda da haukansa ba. Ba a sallamarsa. Ana ba da umarnin a tsare shi a wuri mai tsaro har sai yadda gwamna ya gani, babu ranar fita a rubuce. A Amurka, John Hinckley da ya harbi Shugaba Reagan a 1981 ya shafe fiye da shekara 30 a asibiti kafin a bar shi ya koma gida a 2016. Can ke nan, inda ake waiwayar fayil. A nan, ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wanda ba shi da mai bibiya zai iya tsufa a Kurmawa ko Goron Dutse ba tare da wani ya tuna da shi ba. Kafin ma a kai nan, majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa, sai ta tura mutum gidan yari jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a, mai ciwo yana cunkushe da masu lafiya ba magani. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma har yanzu a takarda aka fi jin ta.

Ban manta da dangin mamaci ba, kuma fushinsu yana kan hanya. Uwar da aka kashe wa ɗa, a ce mata wanda ya yi ba shi da laifi, ta koma gida hannu rabbana, dole ta ji an ci amanarta. A nan fiƙihunmu ya fi kundin Bature hangen nesa, domin bai bar jini ya tafi a banza ba, ya ɗora diyya a kan dangi. Dangin da suka san za su biya kuwa ba za su bar mara lafiyarsu yana yawo da wuƙa suna cewa ai ba ya taɓa kowa ba. Kada kuma wannan rubutu ya sa a ƙara tsangwamar masu ciwon. Mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba, su ne ma yara ke jifa a titi, su ne ake yi wa fyaɗe a kango.

Kai mai karatu, in akwai wani a gidanku da ya fara magana shi kaɗai, ya daina barci, yana zargin na kusa da shi da neman ransa, a yi addu'a, amma a haɗa da asibiti tun yau. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai Dawanau. Ku karɓi kati, ku adana duk takardar maganin da aka rubuta, kada ku yar da ko ɗaya.