DANGIN KARFASA A CIKIN FALO: YADDA AKE SHIRYA AKWATIN KIFI NA GILASHI

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Gari ta Zariya ya san karfasa, ko ɗanya a cikin daro ko soyayya a kan faranti. Amma ba kowa ya san cewa wannan kifi da muke ci da yaji ɗan babban gida ba ne. Masana suna kiran danginsa da suna sikilid, kuma a Turai da Amurka da Japan mutane suna kashe kuɗi masu yawa domin su ajiye 'yan'uwansa masu launi a cikin akwatin gilashi a falo. Wani daga cikin dangin, wanda masana ke kira Sarotherodon galilaeus, ana samunsa a Tekun Galili, ana kuma samunsa a Kogin Kwara da Tafkin Cadi.

To, jama'a masu karatu, idan sha'awar ajiye irin waɗannan kifaye ta kama mutum a Samaru ko Sabon Gari, yaya zai shirya musu gida? Tambayar tana da nauyi, domin wanda ya yi gaggawa yakan tashi da safe ya tarar da kifayensa sun juya ciki sama, ko kuwa gilashi ya tsage ruwa ya cika ɗaki.

Inda Suka Fito

Yawancin masu launin nan daga manyan tafkuna uku na gabashin Afirka suke. Tafkin Malawi yana da ire-irensu fiye da 700, Tafkin Tanganyika yana da kimanin 250, Tafkin Biktoriya kuwa a da yana da wajen 500. Saboda wannan arziki ne hukumar UNESCO ta sa wani yanki na kudancin Tafkin Malawi cikin wuraren gadon duniya a shekarar 1984. Waɗanda aka fi ajiyewa su ne waɗanda mutanen bakin tafkin ke kira mbuna, wato kifin duwatsu. Tsawonsu bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba, akwai shuɗi, akwai ruwan ɗorawa, akwai mai zane-zane kamar jakin dawa.

Mu ma a Nijeriya muna da namu. Akwai jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli na dangin Hemichromis da ke cikin kogunan Afirka ta Yamma, akwai kuma Pelvicachromis pulcher mai jan ciki, wanda asalinsa daga kogunan kudancin ƙasar nan ne, ya kuwa zama sananne a duniya. Sai dai kada a haɗa na kudu da na Malawi a akwati ɗaya, domin ruwan da kowanne ke so daban ne.

Halinsu Shi Ne Jagora

Abu uku ya kamata a riƙe game da waɗannan kifaye: suna da faɗa, suna tona ƙasa, kuma da yawansu suna cin ganye. Namiji yakan zaɓi wani lungu ya ce nasa ne, duk wanda ya kusanto sai ya kore shi. Saboda haka adon akwatin kariya ce ga raunana. Wanda ya jera duwatsu don su burge baƙi kawai, bai bar wa ƙaramin kifi mafaka ba, to ya shirya filin dambe ne.

Akwati Da Mazauninsa

Ga mbuna, kada tsawon akwati ya gaza santimita 120. Mai tsawon 120, faɗi 45, tsayi 45 yana ɗaukar lita 243 idan an cika shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, idan aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu nauyin zai haura kilo 300, wato kamar buhun siminti shida. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A sa mai walda ya yi mazauni na ƙarfe mai shimfiɗa daidai, a ɗora katako, sa'an nan a shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firij kafin a aza akwatin.

Masu yankan gilashin tagogi za su iya haɗa shi, amma a nemi gilashi mai kaurin milimita 10, a kuma manne da silikon zalla, wanda ba a sa masa maganin funfuna ba, domin maganin guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe mako guda, a cika shi da ruwa a tsakar gida na kwana biyu a gani ko yana yoyo. Kada a ajiye shi inda rana ke bugawa ta taga, ruwan zai yi zafi kuma gansakuka za ta rufe gilashin.

Duwatsu Da Yashi

A nan mutanen Zariya sun yi sa'a. Irin dutsen da ya yi Kufena da sauran duwatsun kewayen gari, wanda masu fasa dutse ke sayar wa magina, ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma sakin wani abu mai cutarwa. A zaɓi masu santsi, a guji masu kaifin baki. A guji jar marmara da duk dutsen da ke da alamar tsatsa. A wanke su da buroshi da ruwan zafi kaɗai, ban da sabulu ko omo, ko ɗigo ɗaya.

Ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: duwatsu ne ke fara shiga, yashi ya biyo baya. Idan aka ɗora dutse a kan yashi, kifi zai tone ƙarƙashinsa, tulin ya rushe ya fasa gilashi. A sa ɗan faifan roba a ƙasa, a aza manyan duwatsu, a ɗora ƙanana bisa su, a girgiza da hannu a tabbata ba sa motsi. A yi tuli biyu ko uku da tazara a tsakaninsu, ta yadda kifin da ke wannan gefe ba zai hangi na wancan ba, a kuma bar koguna da suka fi yawan kifayen. Fasassun tukwanen ƙasa da aka gasa sosai, waɗanda ba a shafa musu fenti ba, suna yin kogo mai kyau.

Yashin rafi mai laushi ya isa, kaurin santimita 3 zuwa 5, bayan an wanke shi har ruwan ya fita garau. Ruwan Tafkin Malawi yana da kanwa-kanwa, ma'aunin pH nasa yana kusa da 8. Domin kusantar wannan, a zuba dakakken ɓawon katantanwar teku, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, cikin ɗan buhun raga a sa a matatar ruwa. Busasshen itace kuwa ya fi dacewa da kifayen kudu, domin yana sa ruwa ya yi tsami.

Shuke-Shuken Da Ke Jurewa

A bakin duwatsun Malawi babu ganye da yawa, don haka akwati marar shuka ba laifi ba ne. Mai son kore kuwa sai ya zaɓi mai taurin ganye.

Na farko shi ne Anubias barteri, ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma. An sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya bi tawagar Dokta William Baikie zuwa Kogin Kwara a 1857, ya kuma rasu a Rabba a 1859. Ganyensa yana da kauri, kifi bai cika damunsa ba, kuma ba ya bukatar haske mai yawa. Ba a binne shi. Ana ɗaure kututturensa a jikin dutse da zare har saiwa ta kama. Idan aka binne kututturen cikin yashi sai ya ruɓe. Haka ake yi wa shukar nan ta Asiya da ake kira Java fern.

Na biyu shi ne Vallisneria mai dogon ganye kamar ciyawa, wanda ke tsirowa a Tafkin Malawi kansa. Shi ana dasa shi, amma a cikin ƙaramin kasko, a rufe saman da tsakuwa manya don kada a tone shi, a ajiye shi a baya ko a kusurwa.

Na uku namu ne na gida. Badon da ke cikin kududdufai, wato Nymphaea lotus, shi ne masu sayar da kayan akwatin kifi a Turai ke sayarwa da tsada. Ganyensa yana da laushi, saboda haka ya fi dacewa da akwatin kifayen kudu. Kainuwa kuma, dashen Allah, tana yawo a saman ruwa tana shanye dattin da ke cikinsa, amma a riƙa rage ta kada ta tare haske. Wanda ya sa jar karfasa ta rafi a akwatinsa kada ya wahalar da kansa da shuka, za ta cinye.

Hattara Da Tsargiya

Nan ne lafiyar iyali ta shigo. Ƙananan katantanwa da ke manne a ganyen tafki su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wato fitsarin jini, kuma ƙwayar tana shiga ta fata. Kada a aiki yara su shiga Kubanni ko Galma ko wani kududdufi neman bado. Babba ya sa safar roba, ya tsince kowace katantanwa da ƙwanta, ya ajiye shukar a bokiti daban na mako uku ko huɗu yana canza ruwa yana dubawa kafin ta shiga akwati.

Ruwa, Sanyi Da Wuta

Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, sai a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu, ko a sa maganin da ke kashe shi. Bayan an cika akwati, a kunna matata a bar ta tana aiki mako huɗu zuwa shida, ana jefa ɗan abincin kifi kaɗan, domin ƙwayoyin da ke narkar da kashin kifi su hayayyafa. Sa'an nan a sa kifi kaɗan-kaɗan, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Waɗannan kifaye suna son ɗumin digiri 24 zuwa 28. A Samaru kuwa, cikin Disamba da Janairu, sanyin hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15 da dare. Saboda haka hita da ma'aunin zafi wajibi ne. Idan wuta ta ɗauke, a lulluɓe akwatin da bargo, a sa kwalbar ruwan ɗumi a rufe ta yi yawo a ciki. A watan Maris da Afrilu kuma matsalar iska ce, domin ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa. Ƙaramin famfon iska mai batir yana ceton rai, in babu shi a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana zubowa daga sama.

Kada A Sake Su A Rafi

Idan kifaye suka yi yawa, ko mutum ya gaji, to ya ba maƙwabci ko wata makaranta. Kada ya zuba baƙon kifi ko baƙuwar shuka a madatsar Kubanni. Tarihi ya isa darasi. A shekarun 1950 aka sa giwan ruwa, wanda mu muka sani a Cadi da Kainji, cikin Tafkin Biktoriya inda ba gidansa ba. Zuwa shekarun 1980 ya yi yawa ƙwarai, kuma masana sun ƙiyasta cewa ire-iren sikilid kimanin 200 sun ɓace daga tafkin, saboda shi da kuma gurɓacewar ruwa.

Wanda ya yi haƙuri ya bi waɗannan matakai zai ga abin da zai tara yara gaban gilashi. Macen mbuna takan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki kusan mako uku, ba ta cin abinci sosai, har ranar da za ta buɗe baki 'ya'yan su fito su ɓuya cikin ƙananan ramukan da maigida ya bar musu tsakanin duwatsu. Saboda haka, kafin a je sayen kifi, a fara da dutse da yashi da ruwa. Allah ya ba da sa'a.