Kafin ka sayar da tsohuwar kwamfutarka, ciro faifanta

Mai karatu, shirinmu na wannan makon ya taɓo wani abu da ya shafi mutanen Shuwak da Gadarif kai tsaye. Tun da yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu 2023, Madani kuma ta bi baya a watan Disamba na shekarar, jama'a suka yi ta kwararowa gabas da abin da hannu ya iya ɗauka, wani har da kwamfutarsa. Da aljihu ya bushe, ita ake fara kaiwa kasuwa. Ka tambayi mai sayarwa, zai ce maka ai ya goge komai.

To, bai goge ba. Cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda ya yi kama da sito cike da buhunan riɗi, ga takardar lissafi manne a ƙofa. In ka danna gogewa, ko ka yi mata fomat na gaggawa, takardar ƙofar kaɗai ka yage. Buhunan suna nan daram, sai ran da aka zuba sabon kaya a gurbinsu. Manhajar da ke dawo da su kuwa kyauta ake samunta a intanet.

An gwada, an gani. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon faifai 158 na hannu da suka saya. Guda 129 na aiki, kuma 12 kacal aka share yadda ya kamata. Sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi wani faifai a kasuwar Tema ta Gana kan dala 40, sai ga takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. In hakan ta sami manya, ina ga ni da kai?

Yanzu duba naka. Hoton fasfo da lambar ɗan ƙasa, takardar gona, sunayen manoman da ka ba bashi kafin kaka, shaidar kuɗin da ka tura ta Bankak, hotunan iyali. Wanda ya fi kowa nauyi a wuya shi ne mai shagon buga takardu, domin abin da ke cikin kwamfutarsa ba nasa ba ne, amanar mutane ce, har da ta 'yan gudun hijira da suka zo a kwafa musu katinsu. A zamanin da hoto ɗaya ko jerin sunaye kan jawo wa mutum tuhuma, wannan ba abin wasa ba ne.

Amma kada ka yi gaggawar ɗaukar guduma. Mutane da yawa sun baro takardunsu na asali a gidajen da ba su san halin da suke ciki ba, kwafin da ke kwamfutar shi ne kaɗai ya rage. Fara kwashe abin da kake buƙata zuwa wuri biyu, ka buɗe ka tabbatar ya kwafu. In faifan na da lafiya kuma da shi kake son sayarwa, a yi masa cikakkiyar sharewa, wadda ke bin sa kaf tana rubuta sifili. Takan ci sa'o'i, saboda haka a yi ta a gabanka. In ya lalace, ko sirrin cikinsa ya yi nauyi, ciro shi ka sayar da gangar jikin. Za a rage maka kuɗi, amma da sauƙi.

Tsohon samfuri mai nauyi, wanda ake jin ƙugin juyawarsa, bayanan na kan wasu fayafayai masu ƙyalli a ciki. Fasa allon waya na bayansa bai taɓa su ba. Jefa shi kogin Atbara ma haka, ruwa ba ya wanke rubutun. Kai shi wurin mai walda ya huda shi wuri uku ko huɗu har ƙarfen ya ɓulla, ko a kwance murfin a lanƙwasa fayafayan a maƙera. Sai dai a kula, na ƙaramar kwamfuta sau da yawa gilashi ne, yana tarwatsewa. A naɗe shi da tsumma, a kare ido.

Sabon samfurin da ake kira SSD, da filash da memori, ba abin da ke juyawa a cikinsu. Bayanan na cikin wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a kan allo, kuma huda na iya wucewa ta gefensu ba ta same su ba. Sai an bi kowace ƙwaya an farfasa ta.

Waya kuwa kada ka sa mata guduma ko kusa, batirinta na iya kamawa da wuta. Cire layi da memori, fita daga WhatsApp da Bankak da asusun Google, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kada kuma ka ƙona ko ɗaya daga cikin kayan nan, hayaƙinsu guba ne. Tarkacen ƙarfen sai ka miƙa wa 'yan gwangwan.