Daga Lungunan Tudun Wada zuwa Gidajen Haya na Turai: Yadda Fitar Yara Ta Sauya a Iyalan Hausawa Mazauna Ƙetare

Unguwar Tudun Wada ta Zariya, wadda ke shimfiɗe tsakanin ganuwar Birni ta wajen Ƙofar Doka da kogin Kubanni, ta samo asali ne a farkon mulkin mallaka, bayan Turawan Ingila sun kafa ikonsu a Zazzau a 1902, lokacin da aka keɓe ta domin baƙin Arewa waɗanda ba 'yan asalin Birni ba ne, kamar yadda Sabon Gari ya zama mazaunin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu. Maƙwabtakarta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Kamfanin Gaskiya, da Kwalejin Barewa wadda ta ƙaura zuwa Zariya a 1949, da kuma asibitin koyarwa da ya zauna a unguwar kafin a mayar da shi Shika a 2005, ta sa ta tara ma'aikata da 'yan boko tun da wuri, kuma daga irin waɗannan gidaje ne likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da dama suka fita zuwa Ingila da Amurka da Kanada da ƙasashen Larabawa. Unguwar baƙi ce, amma baƙin da suka iya mayar da maƙwabtaka zumunci, abin da jikokinsu na ƙetare ke fafutukar samu a yau.

A tsarin rayuwar irin wannan unguwa, fita da yaro ba wata hidima ba ce da iyaye ke ware wa rana, domin yaron da kansa yake fita, kuma fitarsa aiki take yi wa gidan. Da zarar an yaye shi, wato an raba shi da nono yana da kimanin shekara biyu, sau da yawa ta hanyar kai shi ɗakin kakarsa, sai ya shiga ayarin yayyensa, ya bi su makarantar allo da safe da Islamiyya da yamma, a aike shi sayen ƙuli-ƙuli ko kai tuwo gidan maƙwabta, ya tsaya a zaure ya gaida dattawa, da dare kuma ya fita dandali inda ake langa da 'yar gala-gala. Masaniyar nan Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa a gidajen da ake kulle, wato inda matan aure ba sa fita sai da lalura, yara su ne ke haɗa mata da kasuwa da sauran gidaje ta hanyar aike da talla. Duk babban da ya ga yaro a hanya yana da damar tsawatar masa, kuma wannan dama ce ke sa uwa ta ci gaba da girkinta hankali kwance alhali ba ta ga ɗanta tun hantsi ba.

Hausawan da suka yi ƙaura a ƙarnukan baya sun tafi da wannan tsari kusan ɗungurungum. A zangunan Kumasi da Accra, wato unguwannin da fatake da malamai suka kafa a kan hanyoyin goro, da Sabo ta Ibadan wadda Abner Cohen ya rubuta littafi a kanta a 1969, da garin Mai Wurno na Sudan da ya kafu bayan yaƙin Burmi na 1903, an gina gidaje masu tsakar gida, an kafa masallaci da makarantar allo a kusa, yara kuma suka ci gaba da yawo a lungunan da kowa ya san iyayensu. Shi ya sa harshen Hausa ya rayu a waɗannan wurare zuriya bayan zuriya.

Ƙaurar zamani zuwa Turai da Amurka ta bambanta, saboda mutum yana tafiya ne da takardar aiki ko ta karatu, ya sauka inda asibiti ko jami'a ta ajiye shi, ya kama hayar ɗaki biyu a bene wanda ba shi da tsakar gida balle zaure. A nan sai lamarin ya juye: yaron da a Tudun Wada shi ake aika, a Landan ko Manchester shi ake rakawa ko'ina, daga makaranta zuwa shago zuwa filin wasa. Dokar Ingila ba ta ƙayyade shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma ta mayar da barinsa cikin halin da zai iya cutuwa laifi, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma suna da ikon bincike a ƙarƙashin Dokar Yara ta 1989. Idan za a shiga mota, dole yaro ya zauna a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, sannan a watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, cikin sanyin da ke sa shirya yara uku domin fitar rabin awa ya zama aiki mai zaman kansa. Tsawatarwar maƙwabci babu ita, kuma ko ta iyaye tana da iyaka, tunda Scotland ta haramta dukan yaro kowane iri a 2020, Wales ta bi sahu a 2022.

Nauyin wannan sauyi a kan uwa ya fi faɗawa, kuma tun daga haihuwa yake farawa. A gida, mai haihuwar fari takan koma wajen iyayenta wankan jego, wato wankan ruwan zafi na kwana arba'in, tana shan kunun kanwa, tsofaffin mata na yi wa jariri wanka suna koya mata goyo. A ƙetare, samun wannan gata ya dogara ne da bizar ziyara wadda ba ta wuce wata shida a Ingila, idan ma an ba kakar. Tun daga Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu da ba na bincike ba suka rasa damar tafiya da iyalansu Ingila, a watan Maris na shekarar kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da nasu iyalan, don haka wasu gidajen suka rabu biyu, uba ko uwa a can, yara a Zariya. Akwai kuma wata al'ada da ke gushewa ba tare da an lura ba, ita ce kunyar ɗan fari, wadda ke hana iyaye ambatar sunan ɗansu na farko ko wasa da shi a gaban mutane. Al'ada ce da take yiwuwa inda kaka da gwaggo ke ɗauke renon, amma uwar da ita kaɗai ce a filin wasa ba ta da zaɓi sai ta kira ɗanta da sunansa. Ba duka sauyin ne asara ba, domin magidanta da yawa da ba su taɓa ɗaukar jariri a bainar jama'a ba a gida sun koyi tura keken jarirai da kai yara ɗakin karatu na unguwa, kuma manyan gidajen tarihi na gwamnati a Ingila kyauta ake shiga tun 2001.

Ranar Sallah ce ke fito da giɓin fili. Yaron Tudun Wada yakan sa sabbin kaya ya bi 'yan'uwansa yawon Sallah gida-gida yana karɓar goron Sallah, a ratsa Ƙofar Doka a je kallon hawan Sarkin Zazzau, bayan an sha tashe tun goma ga watan azumi. Takwaransa na Birmingham, idan Sallah ta faɗo ranar aiki, sai an nemar masa izini daga makaranta, a kai shi Idi a filin Small Heath cikin dubban Musulmi waɗanda mafi yawansu 'yan asalin kudancin Asiya da Somaliya ne, sannan a jira ƙarshen mako a kama zauren taro a dafa waina da tuwon shinkafa. Irin wannan taro yana da amfani, sai dai manya su ke hira da Hausa yara na gefe suna wasa da Ingilishi, kuma kiran bidiyo ta WhatsApp da ake yi wa kakanni yakan tsaya a gaisuwa biyu ko uku da aka haddace. Harshe a wajen yaro daga bakin sa'o'insa yake kafuwa, a wurin wasa da faɗa da aike, kuma waɗannan ne ainihin abubuwan da ƙaura ta ɗauke.

Wasu iyaye kan nemi mafita a riƙo, wato ba wani ɗan'uwa ko amini yaro ya rene shi, ko dai a can ko a mayar da shi Zariya ya yi 'yan shekaru. Masu niyyar yin haka a cikin Ingila ya kamata su sani cewa idan yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba makusancin dangi ba ne a ma'anar dokar ƙasar, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da ke waɗannan birane kuwa za su fi amfanar iyalai idan suka rage dogaro da bikin shekara-shekara, suka tsara haɗuwar yara ta kowane mako a fili ɗaya, da wasannin gida da tatsuniya da Hausa, sannan iyalan da ke da hali su daidaita hutun bazara na makarantu, wanda ke kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, da zuwa gida, a bar yara su kwana a ɗakin kaka maimakon otal.