Daga Kurfai zuwa jami'a: doguwar hanyar ɗalibi naƙasasshe

Ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1993, gab da ƙarewar mulkin riƙon ƙwaryar da ya biyo bayan Taron Ƙasa, mahukuntan Nijar suka sa hannu kan doka mai lamba 93-012, wadda ta shimfiɗa ƙa'idodin kare naƙasassu. Cikin abubuwan da ta tanada har da cewa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, wajibi ne ya keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A shekarar 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ayarta ta 24 ta tabbatar musu da damar karatu har jami'a. A watan Disamba na 2019 kuma aka ƙara da doka mai lamba 2019-62. A bisa takarda, magana ta ƙare. Sai dai gurbin aikin ofis takardar shaida yake nema, ita kuwa a makaranta ake samun ta. To, ta wace hanya yaron da ya tashi makaho, ko kurma, ko gurgu a ƙasar Kurfai zai kai gare ta?

Al'amarin ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna naƙasassu sun haura 700,000 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100 na al'umma. Sanƙarau ya bar kurame, ƙyanda da amosanin ido sun bar makafi. Ita kuwa shan inna, ko da yake a 2020 an bayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da jama'a.

Tuntuɓen farko yana tsakanin ƙauye da gari. Yaron Shikal, ko Luma, ko Tunfalis zai iya yin firamare kusa da gida, ƴan'uwa na kai shi suna ɗauko shi. Amma da karatu ya yi nisa, ya kai ga lise, sau da yawa sai an nema masa mai masauki a Filinge. Nan ake samun cikas, don magidancin da zai karɓi lafiyayye da hannu biyu yakan yi nauyin baki in aka ce yaron sai an taimaka masa wajen shiga makewayi. Ga kuma yashin Dallol Boso, wanda keken guragu mai tuƙin hannu ba ya ratsa shi sai da mai turawa. In ɗiya mace ce, galibi ba a ma kai ga neman masaukin. Makaho da kurma kuwa, sanannun makarantunsu, Soli Abdurahaman ta makafi da Hasan Bana Ba ta kurame, suna Yamai, tazarar kusan kilomita 180 ta hanyar Baleyara. Uban da ba shi da kowa a birni, bara ce ke zame masa mafita mafi kusa. Bugu da ƙari, matsalar tsaron da ta tsananta tun wajen 2017 ta rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi; lafiyayyen ɗalibi kan bi iyaye ko ƴan'uwa ya ci gaba a wani gari, naƙasasshe kuwa shi ne na ƙarshen samun wuri.

Tuntuɓe na biyu jarrabawa ce, BEPC da BAC. Makaho da rubutun Braille yake aiki, wanda kowane harafinsa haɗin ɗigo ne daga cikin ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa. In da allo da tsinke yake rubutu, daga dama zuwa hagu yake hudawa, sa'an nan ya juya takarda ya karanta. Shafi guda na bugu yakan ci shafi 2 zuwa 3. Ke nan sai an juya masa tambayoyi tun kafin ranar, an ƙara masa lokaci, an kuma sami wanda zai mayar da amsarsa zuwa rubutun da mai gyara ya iya karantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya tsallake waɗannan biyu ya isa na uku. Jami'ar Abdu Mumuni tana Harobanda, ƙetaren kogi. Ta Tilaberi, wadda aka kafa a 2014, hanyar kwalta daga Filinge zuwa can ma sai ta bi ta Yamai. Ɗaki da abinci da motar ɗalibai suna hannun CROU, kuɗin tallafin karatu suna hannun ANAB. Amma ɗawainiyar naƙasasshe ta fi ta abokinsa: kuɗin tasi a inda wani ke tafiya a ƙafa, takardar Braille, gyaran keke, batirin na'urar ji. Ajin da ke saman bene, in babu hanyar keke, da shi da rufaffe duk ɗaya ne. Malamin da ke magana yana fuskantar allo ya yanke kurman da ke karanta leɓe. Abin da ya daɗe yana cike wannan giɓi shi ne zumuncin abokai: wannan ya karanta masa darasi, wancan ya goya shi a matakala. Halin kirki ne, amma ranar da abokin ya kwanta ciwo, karatun mutum biyu ne ya tsaya.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan taimako aikin hukuma. A Faransa, dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta wajabta wa manyan makarantu karɓar naƙasassu da yi musu tanadi, jami'o'i suna da ofishin da ke kula da su, ana kuma ƙara musu sulusin lokaci a jarrabawa. A maƙwabciya Najeriya, hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 don shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi da suka haɗa da Kano. Darasin a fili yake: a san ofis, a san mai alhaki, a san kasafinsa.

Yawancin abin da ake bukata bai fi ƙarfin aljihu ba. Mayar da aji zuwa hawan ƙasa, sa hannun shugaba kawai yake jira. Gangaren siminti a bakin ƙofa aikin magini ne na yini ɗaya ko biyu. Manhajar NVDA, mai karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, kyauta ce. Sai dai malami ya yarda ya ba da darasinsa a rubuce. Ma'aikacin da ke duba tsarin sabon aji yana da ikon ƙin amincewa da ginin da keke ba ya shiga. Ɗan kasuwar Kurfai mai gida a Filinge ko Yamai, ɗaki guda da ya buɗe wa irin wannan ɗalibi ya fi sadakar da zai yi shekara yana miƙawa ta tagar mota. Ƙungiyoyi irin su FNPH da UNAN sun san masu bukatar, sun san kayan aikin.

Kowace ranar 31 ga Yuli ana bikin ranar naƙasassu ta ƙasa, a yi jawabai, a raba kekuna. Ma'aunin gaskiya dai shi ne yawan ƴaƴan Kurfai da za su fito da takardar shaida su nemi kashi 5 ɗin da doka ta ajiye musu tun 1993. Allah ya sa masu iko da masu hali su ji.