Idan na'ura ce ke karanta bayanin kayan aiki

Tun 2006 da Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar da Zotero, masu bincike suka samu taskar adana maƙalun da suka tara, kowace da sunan marubucinta da shekara da lambar DOI. Mendeley ya biyo baya, kamfanin Elsevier ya saye shi a 2013. A duk waɗannan shekaru mutum ne ke buɗe taskarsa da kansa, ya saka, ya cire. Lamarin ya sauya a Nuwamban 2024, sa'ad da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ke ba manhajar ƙirƙirarriyar basira damar shiga wasu manhajoji ta yi aiki a matsayin wakiliyar mai ita. Kamfanin OpenAI ma ya rungumi ƙa'idar a Maris na 2025. Daga nan masu rubuta manhaja suka yi ta fitar da ƙananan kayan aiki masu haɗa wakilin da Zotero ko taskar maƙalu ta arXiv, har aka fara auna ingancin bayanin da ke rakiyarsu.

Me ya sa bayanin ya zama abin aunawa? A tsarin MCP kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da 'yan layukan bayani, da jerin abubuwan da za a ba shi. Wakilin ba ya ganin yadda aka gina shi daga ciki. Waɗannan layukan kaɗai yake karantawa ya yanke shawara, kamar ɗan aiken da aka tura kantin magani ba shi da madogara sai rubutun jikin kwalba. A da, in bayani ya gaza, mutum kan tsaya ya tambaya. Wakili kuwa sau da yawa cankawa yake yi ya wuce.

A duba kalmar "cire" kaɗai. A Zotero, cire maƙala daga wani rukuni ba ya taɓa ta a babbar taska. Jefa ta kwandon shara kuwa wani abu ne daban, domin bisa tsarin da manhajar ke zuwa da shi, bayan kwana 30 sai ta shafe. To, in bayanin bai wuce "yana cire maƙala" ba, wanne ake nufi? Ɗalibin da ya ce wa wakilinsa ya gyara masa rukunin babi na biyu yana iya wayar gari bayan wata guda ya tarar maƙalun sun tafi tare da tsokacin da ya rubuta a kansu. Haka batun shaida yake. Zotero yana gane kowace maƙala da lambar kansa mai haruffa da alƙaluma takwas. Idan ba a faɗi ko wannan lambar ake so ko DOI ko take ba, sai wakili ya miƙa wanda ya ga dama. Mafi muni shi ne bayanin da ya yi shiru kan abin da ke dawowa in ba a samu komai ba, domin a irin wannan giɓin ne manhajar kan ƙago madogarar da babu ita.

Dalilan raunin ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin kayan nan 'yan sa-kai ne ke rubuta su a lokacin hutunsu, kuma wanda ya gina abu yakan ɗauka kowa ya san abin da ya sani. Sannan kowane layin bayani yana cin gurbi a cikin abin da wakilin ke iya riƙewa a lokaci guda, don haka akwai hujjar taƙaitawa.

Ba wa bayanin kayan aiki maki ya yi amfani, domin ya sa masu gini sun fara faɗin iyakar abin da kayansu ke yi. Amma a ganina an dogara da shi fiye da kima. Maki yana auna tsarin rubutu da cikarsa, ba ya tabbatar da cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Ƙa'idar MCP tana da alamomin da mai gini zai nuna ko kayansa karatu kawai yake yi ko yana iya gogewa, amma ita kanta ta gargaɗi kada a dogara da su in ba a amince da tushensu ba. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, wakili ya bi, mai shi bai gani ba. Bayanin da ya tsaru ke nan yana iya zama tarko.

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a Kano da Zariya da Damagaram, waɗanda kwafin taskarsu ɗaya ne a kwamfuta ɗaya, su suka fi kusa da asara. Kafin ka haɗa wakili da taskarka, fitar da kwafinta ka ajiye a wani wuri. Zotero yana ba da mabuɗin shiga na karatu kawai, ba tare da izinin rubutu ba. Shi za ka fara bayarwa, sai ka gwada kayan a kan rukunin da ba ka damu da shi ba tukuna.