MOTA MAI JA DA ƘAFA HUƊU A DAMINA: TANA FIDDA KA DAGA TAƁO, AMMA BA TA ƘARA MAKA BIRKI

 Yau mun ɗan jingine farashin hatsi da na dabbobi, za mu yi magana a kan wani kaya da ake ciniki a kansa kullum, watau mota mai ja da ƙafa huɗu. Da ruwa ya sauka, hanyoyin kasuwannin ƙauye suka jiƙe, sai ka ga masu nemanta sun yawaita. Mai saye ya zo, dillali ya zagaya da shi bayan mota, ya nuna masa haruffan nan uku na boko, AWD, ya ce, "Alhaji, wannan ba ruwanta da santsi. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, taka ta kawai ka wuce." To, maganar nan rabinta gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, wanda ba a faɗi, shi ne ke jawo hasarar dukiya, wani lokaci har da ta rai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu warware zancen daki-daki.

Da farko ka sani, yawancin ƙananan motoci ƙafa biyu kaɗai injin ke juyawa. Wasu na gaba, kamar Corolla da Golf. Wasu na baya, kamar Peugeot 504 wadda muke kira Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Sauran ƙafa biyun bin sahu kawai suke yi. Amma mai ja da huɗu, ƙarfin injin yana fita daga akwatin giya ya rabu, wani ya tafi gaba, wani ya bi farfela ya tafi baya. Kowane kamfani da sunan da ya ba wa nasa: Mercedes sun ce 4MATIC, Audi sun ce quattro, BMW sun ce xDrive, wasu kuwa AWD kurum suke rubutawa.

To, mene ne amfaninta? Amfaninta yana wajen tashi da wajen hawa. Ka ɗauka kana kan burji mai laka, ka yi lodi, ga tudu a gabanka. Mai ja da biyu, duk ƙarfin injin yana kan taya biyu, da sun sami santsi sai su yi ta wulwulawa a wuri guda, suna haƙa rami, har mota ta zauna a kan cikinta. Mai ja da huɗu kuwa an raba nauyin aikin gida huɗu, kowace taya abin da ake nema a wurinta kaɗan ne, don haka ba ta saurin suɓucewa. In na gaba sun faɗa caɓi, na baya su tura. Wannan gaskiya ne, babu musu. Duk wanda ya taɓa kwana a daji saboda mota ta kafe, ko ya biya samarin ƙauye kuɗin turi ranar kasuwa, ya san darajar abin. Wanda ya taɓa bin baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa a watan Agusta, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma fa a nan amfanin ya kusa ƙarewa. Tafiya a mota abu uku ce: tashi, da juyawa, da tsayawa. Ja da ƙafa huɗu ya taimaki na farko ƙwarai, ya ɗan taɓa na biyu, na uku kuwa ko kusa bai shafe shi ba. Dalili kuwa, kowace mota da ke kan titi, mai ja da biyu ce ko mai ja da huɗu, birkinta a ƙafa huɗu yake. Ran da ka ɗaga ƙafa daga totur ka danna birki, injin ya fita daga zancen, saura taya da ƙasa. Hasali ma mai ja da huɗu ta ɗan fi 'yar'uwarta nauyi, saboda ƙarin ƙarafa da ke ƙarƙashinta, kuma nauyi ba ya sa mota saurin tsayawa.

Bari mu yi misali da abin da ɗan kasuwa ya sani. Wurin da taya ɗaya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Riƙon da wannan tafin hannu ke yi wa titi, shi ne jarin direba, kuma jari ne ƙayyadadde. Daga cikinsa ake cire na gudu, daga cikinsa ake cire na shan kwana, daga cikinsa ake cire na birki. Ruwan sama in ya zo, yana iya cinye har rabin jarin. Ja da ƙafa huɗu ba ya ƙara jari ko na kwabo, abin da yake yi shi ne raba bashin injin a kan mutum huɗu maimakon biyu. Saboda haka in kana fita daga kwana kana ba ta wuta a hankali, za ka ji ta fi natsuwa, ba ta wutsil-wutsil da baya. Amma in ka shigo kwanar da gudun da ya fi ƙarfin jarinka, to, ka karya sitiyari yadda ka so, mota miƙewa za ta yi ta nufi daji, ko mai ja da nawa ce.

Ga inda haɗarin yake. Mai ja da biyu tana yi wa direba kashedi tun da wuri: ya taka totur ya ji taya ta zame, nan da nan ya san titi ba lafiya, ya sassauta. Mai ja da huɗu ba ta yin wannan kashedi. Tana tashi sumul a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kamar rani ne, direba ya saki jiki, ya kai gudun da bai kamata ba. Ba zai san akwai santsi ba sai saniya ta ɓullo, ko tirela ta tsaya a gabansa, ya nemi birki ya rasa. Lissafin kuwa ba ya sauyawa: in gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake sau huɗu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, a busasshiyar kwalta, tana cin wajen mita 14 daga danna birki zuwa tsayawa. A kilomita 100 kuwa wajen mita 56 ne. In titi ya jiƙe, wannan nisa yana iya ninkawa kuma. Sauri dai ya haifi nawa.

Ko a wajen masu tseren motoci an ga haka. Audi sun fito da quattro a 1980, ta kuwa ba da mamaki a kan ƙanƙara da tsakuwar Turai, har kamfanin ya ci kambin duniya a 1982 da 1984. Amma a tseren Safari na ƙasar Kenya, inda ake fama da taɓo da ramuka da ruwan sama irin namu, Fijo 504 mai ja da baya ta ci a 1975, Toyota Celica ita ma mai ja da baya ta ci shekara uku a jere, 1984 da 1985 da 1986. Mai ja da huɗu ba ta ci wannan tsere ba sai a 1987. Watau ƙwarin mota, da tsayinta daga ƙasa, da taya, da hankalin direba, su ma suna da nasu rabo babba.

Yanzu mu duba irin yanayin da muke gamuwa da shi. Na ɗaya, ruwan fari. Ƙura da baƙin mai da suka taru a kwalta duk tsawon rani, in yayyafi ya taɓa su sai su zama kamar miyar kuɓewa. A wannan rana duk motoci ɗaya suke wajen birki.

Na biyu, ruwa kwance a kan titi. Zanen da ke jikin taya magudana ce, aikinsa korar ruwa daga ƙarƙashi. In zane ya suɗe, ko gudu ya yi yawa, taya ba ta samun damar korar ruwan, sai ta hau kansa tana yawo kamar kwalekwale. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama banza. Tsohuwar taya tana iya fara wannan tun daga wajen kilomita 60 a awa. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa, ko injin yana juya ta ko ba ya juyawa, duk ɗaya. Abin yi shi ne ka ɗaga ƙafa daga totur sannu, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka fizga, kada ka danne birki da ƙarfi, har ka ji ta sauka ƙasa.

Na uku, ruwa mai gudu a kan kwalbati ko mashigin rafi. Nan ne masu jif suka fi ruɗuwa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗi cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30, watau ƙafa ɗaya, yana iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana ɗaukar jif da a-kori-kura. Mota in ta fara iyo, ƙafa huɗun duk a sama suke. Ko ba ta tafi ba, injin in ya zuƙi ruwa ta hanyar shan iska, ya tashi daga aiki. Kwana a bakin rafi ya fi, kasuwa tana nan wani mako.

Na huɗu, hazon hunturu da ƙurar da ke gaban hadari. Nan matsalar gani ce, ba ta taya ba. Maganinta fitila mai kyau, da rage gudu, da ba na gaba tazara.

Duk wannan ya komo da mu kan taya, don ita ce uwa uba. Mai ja da biyu da sababbin tayoyi ta fi mai ja da huɗu da suɗaɗɗu tsayawa a ruwa, nesa ba kusa ba. A Ingila doka ba ta yarda zurfin zane ya gaza milimita 1.6 ba, kuma tun kafin a kai nan riƙon ruwa ya ragu ƙwarai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Har ila yau, motocin gwanjo da ke zuwa daga Kanada da Turai, wasu da tayoyin ƙanƙara suke zuwa, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu laushi gare ta, don sanyi aka yi ta, zafinmu yana cinye ta da wuri. Akwai kuma na'urar hana zamiya, ESC, wadda ke taɓa birkin ƙafa ɗaya da kanta in mota ta fara juyawa. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai daga 2014. Ita ce ta fi kare mota daga wuntsilawa, kuma masu ja da biyu ma suna da ita.

Sannan a rarrabe iri biyu. Akwai mai yin aikinta da kanta, kamar RAV4 da CR-V da Highlander, yawanci da gaba suke ja, sai sun ji santsi su aika ƙarfi baya. Waɗannan na kwalta ne da burji mai sauƙi. Akwai kuma wadda direba ke sa wa da hannu, mai 4H da 4L, kamar yawancin Hilux. Ita ce ta daji sosai, amma ba a barinta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, don gaba da baya a kulle suke tare, a kwana sai ƙarafa su yi ta murɗewa har wani abu ya karye.

To, malam dillali, ga abin dubawa kafin a yi tayi. Kada a yi cinikin biri a sama. RAV4 da Highlander da Venza da Lexus RX duk an yi su iri biyu, mai ja da gaba da mai ja da huɗu, jikinsu ɗaya, haruffan baya kuwa da gam ake liƙa su. A durƙusa a leƙa ƙarƙashi. In mai injin fetur zalla ce, kuma babu farfela mai tafiya baya, ko dai mai ja da biyu ce tun asali, ko wani makaniki ya cire ta da ta lalace, ya bar tambari yana cin kuɗi. A duba fitilun gaban direba, a tabbata na AWD da ABS suna kamawa in an murɗa makulli, kana su mutu in injin ya tashi. A shiga fili a karya sitiyari har ƙarshe a zagaya sannu, in ana jin ƙara ko tirjiya, akwai magana. A duba tayoyi huɗun, girmansu ɗaya, cinsu kusan ɗaya, don mai ja da huɗu ba ta son a gauraya mata sabuwa da tsohuwa, yana kashe na'urar raba ƙarfi. Haka kuma in ta lalace a hanya, ba a ɗaga ƙafa biyu a ja ta da biyu a ƙasa, sai a ɗora ta gaba ɗaya.

Mai saye kuma ya yi lissafinsa. Ta fi tsada wajen saye, ta ɗan fi shan mai, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 mai ba abin wasa ba ne, ga kuma ƙarin wuraren zuba man giya da gyara. In harkarka ƙauye ce, kana bin gonaki da kasuwannin da ba kwalta, kuɗinka bai tafi banza ba. In kuwa daga gida zuwa Kantin Kwari ne, sai Kano zuwa Kaduna jefi-jefi, to, ka sayi mai ja da biyu, ragowar kuɗin ka sa mata tayoyi nagari da sabuwar robar share gilashi.

Daga ƙarshe muna roƙon dillalai su faɗi maganar duka. Ka ce, "Alhaji, za ta fidda kai daga taɓo, amma in ana ruwa ka tuƙa ta kamar kowace mota." La'adarka ba za ta ragu ba, mutumin kuma zai komo wurinka baɗi, har ya kawo ɗan'uwansa. A gaya wa direbobi su ma, musamman yaran da ake ba makulli ranar kasuwa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.